Shafin Sha Takwas ga Satumba

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau 'yata Raniya ta yi abin da maza da gemunsu suka kasa. Ta yafa mayafinta, ta hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, ita kaɗai, ta je kanisar Katolika ta faɗi abin da aka yi mata a makarantarsu tana aji takwas. Shekara bakwai ke nan. Ba zan rubuta abin ba, ba kuma zan rubuta sunan mutumin ba, kurrasata, wannan littafin da nake rubutu a ciki, ba juji ba ce. Limaminsu ne, irin waɗanda suke kira Abuna, shi ke koya wa yara Turanci a lokacin. Daga baya aka mayar da shi Hartum, yaƙi ya sake dawo mana da shi, suka danƙa masa 'ya'yan 'yan gudun hijira. Ranar Alhamis ta hango shi a ƙofar makarantar riƙe da hannun wata 'yar yarinya. Kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Ba ta yi shawara da ni ba. Sai da ta dawo ta gaya mini, a tsaye, tana cire takalmi. Na ce madalla, haka 'yar da ta sami tarbiyya take yi. Tun rasuwar ubansu ni ce uwa ni ce uba a gidan nan, kuma na sauke nauyina. Unguwa duka shaida ce.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Wata Sista Safaa ta zo, ita ce aka naɗa tana karɓar irin wannan ƙara. Na ba ta kujera, na dafa mata jabana, amma ban sake mata fuska ba. Na ce, "In kun zo ne ku ce mu rufe baki, ki shanye gahawarki ki tafi."

Ta ce, "Hajja Ummuhani, dokarmu ta hana a sa mai ƙara ya yi shiru. Ku faɗa wa wanda kuka ga dama. Ku je niyaba ma, wurin masu gabatar da ƙara na gwamnati, hakkinku ne, mu kuma za mu ba hukuma haɗin kai."

Na ce shekara bakwai fa, ba za ku ce ya wuce ba? Ta ce a'a, a wurinsu sai yarinya ta cika sha takwas ake fara lissafi, daga nan kuma shekara ashirin. Ta ce tunda magana ta kai kunnen Mudran, babbansu, wajibi ne ya buɗe bincike, ba alfarma zai yi mana ba. Wannan kalmar ta yi mini daɗi. Ba na son alfarmar kowa.

Da za ta tafi ta riƙe hannun Raniya ta daɗe. Raniya ta bar ta ta riƙe.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan azahar

Mun je niyaba. Sun rubuta, sun ba mu lamba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

Ɗana Uzairu ya dawo daga hanyar Showak, ya ajiye babbar mota a tasha, ya shigo da ƙarfen sauya taya a hannu. Wani ya riga ni gaya masa. Ya ce shi da abokansa huɗu sun isa.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Ina za ka, jarumin tasha?"

"Inna, ki matsa."

"Ka fara da ni. Ka ga kaina nan."

"Ƙanwata ce fa! Ki bar su su yi wa ɗan'uwansu shari'a? Wallahi wanke shi za su yi tas su shanya."

Na ce, "Ka kashe shi, a kama ka, a ƙone kanisa da tsofaffin da ke kwana a cikinta, gari ya tashi. Sannan a ce me? A ce Hausawa sun yi kisa. Wa zai sake tambayar abin da aka yi wa Raniya? Ajiye ƙarfen nan ka je ka wanke hannunka, baƙin mai duk ya ɓata maka jallabiyar Juma'a."

Raniya ce ta gama maganar daga cikin ɗaki. Ta ce, "Yaya, ban je neman gawa ba. So nake a ce gaskiya na faɗa." Ya ajiye. Ya ci kisira faranti biyu yana huci.

Wannan ita ce tarbiyya. Uwa ɗaya ta tsayar da ƙato da baki kawai. Na sauke nauyina.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

An cire mutumin! Takardar Mudran ta iso: ba zai shiga aji ba, ba zai ja su addu'a a gaban jama'a ba, ba zai kusanci yara ba, an kuma kai shi wani gida da aka ce ya zauna. Na yi sujada a tsakar gida. Na yi guɗa har maƙwabciyata Fatin ta leƙo ta kan katanga.

Sista ta so ta ɓata mini. Ta ce in sani wannan ba hukunci ba ne, kariya ce kafin a gama bincike, kuma a dokarsu mutum ba shi da laifi sai an tabbatar. Na ce ku kira shi duk abin da kuka ga dama, yau dai hannun yarinyar nan ba ya cikin nasa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka saurari Raniya. Mai binciken wani dattijo ne, Abuna Butrus, Mudran ya turo shi daga nesa don kada ya zama abokin mutumin. Tare da shi akwai marubuci. Ni an hana ni shiga, wai kowa shi kaɗai ake saurara. Na ce ni ce uwarta. Abuna ya ce, "Mun sani, Hajja. Ta zaɓi Sista ta zauna da ita." Na zauna a kan benci ƙarƙashin dalbejiya awa uku. Ban sha ruwansu ba.

Ta fito idonta a bushe. Ta ce an karanta mata duk abin da ta faɗa, ta gyara kalma biyu, ta sa hannu a kowane shafi. Wannan tsari ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ko a sakandare na tsani aikin da ba a duba ba.

A cikin raksha na tambaye ta me suka fi nacewa a kai. Ta ce lokaci. Ta gaya musu a kakar riɗi ne, tana tuna ƙamshinsa. Ta ce, "Sun kuma tambaye ni wa na fara gaya wa."

Na ce, "Kika ce me?"

Ta ce, "Na ce babu kowa."

Tana kallon titi ta faɗa. Mai raksha ya faɗa rami, na yi masa faɗa har gida.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da asuba

Babu kowa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Fatin ta shigo aron rariya, ta zauna. Wai mata suna cewa da an rufa wa yarinya asiri, wa zai aure ta yanzu. Na ce, "Wanda ya ƙi ta saboda wannan, ai Allah ne ya raba mu da shara. Ke kuma ki je ki tambayi 'yarki Ru'a yadda ta wuni, ki saurare ta har ta gama, kafin ki zo ki tsara mini gidana." Ta tafi ta bar rariyar.

Iyayen zamani ba sa sauraron 'ya'yansu. Wannan ita ce cutar. Kullum ina faɗa.

Kaina ya yi ciwo duk yini.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

An ba mutumin dama ya amsa, har da muhami, wato lauya, wanda ya karanta dokar kanisa. Ya musanta. Ya kuma kawo fasfo. A shekarar da ake magana, tun ɗaya ga Oktoba har tsakiyar Nuwamba yana ƙasar waje wurin wani karatu, ga hatimin fita ga na shiga. Kakar riɗi gaba ɗayanta ba ya garinmu Gadarif.

Abuna Butrus ya kira Raniya ya gaya mata da bakinsa. Ya ce bai ce ta yi ƙarya ba, yara sukan haɗa lokuta, amma dole ya rubuta abin da ya samu yadda ya same shi, haka kuma rahoton zai tafi Roma wurin manyansu. Ya tambaye ta ko akwai wani abu da zai tsayar da ranar. Ta ce babu.

Uzairu ya ce, "Ga shari'arki nan, Inna. Sun ba ɓarawo lokaci ya gyara takardu." Hatimin gaskiya ne. Mutumin ba ya nan a Oktoba.

Raniya ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Ba Oktoba ba ne.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Tun ina sakandare nake rubuta kwanakina, rana da lokaci, da Hausarmu a baƙaƙen Larabci. Kurrasa ashirin da shida suna ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan gado. Ban sha wahalar nema ba. Mai koren bango ce. Na san ta.

Zan kwafe shi nan yadda yake, ba zan gyara ko ɗigo ba.

"Talata, 18 ga Satumba, bayan la'asar. Raniya ta dawo daga makaranta da maganar banza a kan malaminta na Turanci. Na mare ta. Yarinya 'yar sha huɗu ta san irin waɗannan kalmomi! Na ce in na sake ji, ba ni ba ita. Ƙarya a kan malami ba a gidana ba. Rigar makarantarta ta yage a kafaɗa, na ɗinke. Gobe zan tura ta Ƙala'at an-Nahal wurin yayana Tsoho, ta zauna har a gama yankan riɗi, ta koyi hankali. An yi ruwa."

Daga nan ƙamshin riɗin ya fito. Ni na kai ta cikinsa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Na ɗauko reza. In na yanke daga layi na biyu, rana da wata za su rage, da cewa ta zo da magana. Ya isa. Wa zai amfana da sauran? Na riƙe rezar har ta yi ɗumi a hannuna, sannan na mayar da ita cikin gwangwanin ɗinki. Ban yanke ba, amma ban ɗauki kurrasar ba. Na rubuta ranar a 'yar takarda na tafi wurin Abuna Butrus.

Abuna ya karanta. Ya ce, "Hajja, daga ina kika san wannan rana?"

Na ce, "Na sani kawai. Ni ba na ƙarya, ka tambayi gari."

Ya ce, "Ba gari zan aika wa Roma ba. Duk shaida sai mun tambaye shi: da idonka ka gani, ko ji ka yi, daga wa, kuma yaushe. Wannan takardar yau aka rubuta ta, bayan an san da fasfo. Muhaminsa zai ce uwa ce ta zaɓi ranar da ta dace."

Na ce to akwai kurrasa. Na ce zan nuna masa layi ɗaya in rufe sauran da hannuna. Ya girgiza kai. Sai ya ga littafin duka, da shafin gaba da na baya, don a san ba jiya aka cusa shi ba. Ya kuma ce ranar da za a yi shari'a za a nuna wa mutumin shafin.

Na miƙe tsaye. "Shi? Shi zai karanta rubutuna?"

Ya ce, "In aka hukunta shi da hujjar da bai gani ba, gobe ya ɗaukaka ƙara, a warware komai, ya koma aji. Ina so abin da za mu ɗaure ya ɗauru, Hajja. Ba zan tilasta miki ba. Ki je ki yi tunani."

Na fito ban yi masa sallama ba. Tsohon nan yana da taurin kai. Irin nawa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Shekara bakwai ina yi wa matan unguwa wa'azi. Na yi wa Fatin, na yi wa matar Sharu mai shago, na yi a wurin suna, na yi a wurin zaman makoki. Babu ɗaya da na faɗa wanda ba gaskiya ba ne.

Raniya ta dafa miyar kuɓewa, ta zuba mini, ta ɗauki tata ta shiga ɗaki. Yau na lura, tun dawowarta daga Ƙala'a a shekarar nan ba mu ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. Na ɗauka girma ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Na yi! Allah shi ne shaida, na yi.

Na yi alwala, na sa farin mayafina na zuwa Idi, na naɗe kurrasar a ɗankwali. Abuna ya ce in rantse da Allah bisa addinina cewa zan faɗi gaskiya duka. Na ce ko ba ka ce ba.

Sai ga matsala: ba mai karanta Hausa a cikinsu. Dokarsu ta ce sai an kawo tafinta an rantsar da shi, shaida ba ya fassara wa kansa. Suka aika aka ɗauko Ustaza Asha, malamar nan 'yar garin Hawata. Asha da na riƙa kama ta da laifin makara ina shugabar ɗalibai! Ta shigo ta ce, "Yaya Ummuhani, ina wuni," ta durƙusa. Aka rantsar da ita ba za ta fitar da magana ba.

Na karanta da Hausa, layi layi. Ita ta maimaita da Larabci, marubuci yana rubutawa. Saboda haka sau biyu na ji kowace kalma. "Na mare ta." Ta faɗa da Larabci muryarta ƙasa-ƙasa. Na ce, "Ɗaga murya, Asha, marubuci bai ji ba."

Abuna ya tambaye ni abin da yarinyar ta gaya mini a ranar. Na faɗa, kalmomin da na hana ta faɗa, duka, ban tsallake ko ɗaya ba. Nan ba zan rubuta su ba. Ya ce wannan ji ne, me na gani da idona? Na ce na ga riga a yage, na ga tana tafiya tana dafa bango, na ɗauko allura. Ya ce me ya sa ban yarda da ita ba? Na ce saboda malami ne, saboda tsoron bakin mutane, saboda kuma na ɗauka gidana ya fi ƙarfin irin wannan. Na ce marubuci ya rubuta haka, kada ya gyara mini.

Suka juya kurrasar gaba da baya, suka ƙirga shafuka, suka duba tawadar, suka ɗauki hoton shafi uku, marubuci ya buga hatimi cewa daidai suke da asali. Aka karanta mini shaidata, na sa hannu shafi bakwai. Da Abuna ya miƙo mini kurrasar sai ya ce, "Ki adana ta yadda take. Kada ki ƙara ko harafi ɗaya, kada ki goge. Wataƙila a sake neman ta, niyaba ma za su so ganin ta."

Na fito kaina a sama. Asha ta biyo ni da gudu tana kuka. Na ce ta share fuska, malama ba ta kuka a titi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Sun buɗe tsohon rajistan makarantar. Ranar sha takwas ga Satumba mutumin ya sa hannu yana aji. Daga sha tara sunan Raniya babu, har wata biyu. Rajistansu da kurrasata sun yi magana da baki ɗaya. Fasfo ya tashi a banza.

Na kai kurrasar niyaba su ma sun gani. Uzairu ne ya kai ni. Da zan sauka ya riƙe mini ƙofa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Abuna Butrus ya kira mu, wannan karon Raniya ta ce in shiga. Ya ce an rufe bincike, Mudran ya ga ƙarar tana da tushe, takardu duka sun kama hanyar Roma, ofishin da ke duba irin wannan laifi shi zai faɗi yadda za a yi shari'ar. Takunkumin yana nan, mutumin ba zai koma wurin yara ba. Ya ce kada mu sa ran amsa gobe ko jibi, yakan ɗauki watanni, har fiye, kuma har yanzu ba a yanke hukunci ba. Na ce mun jira shekara bakwai, mun iya jira.

Ya dubi Raniya ya ce, "Ba don kin zo ba, da yana aji yanzu." Ta gyaɗa kai.

Ƙarfen taya bai yi wannan ba. Takarda da rantsuwa da sa hannu ne suka yi. A rubuta.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tun safe nake son ɗauko biro in rubuta layi ɗaya a ƙasan shafin nan na Satumba. Akwai wuri, layi huɗu babu komai. Amma an ce kada in ƙara ko harafi. Ni kuwa duk abin da ya yi mini nauyi rubuta shi nake yi. Yau an rufe mini wannan ƙofar.

Raniya tana zaune a rumfa tana tsince riɗin da Tsoho ya aiko. Na je na tsaya a kanta kamar mai neman faɗa. Na ce, "Ke."

"Na'am, Inna."

"Ranar nan, ba ƙarya kika yi ba. Ni ce na yi laifi. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta cire tsakuwa ɗaya, ta cire biyu. Ta ce, "Ai ni na sani tun ranar. Ke ce ba ki sani ba."

Na ce, "Me ya sa kika ce musu babu kowa?"

Ta ce, "Ba na so su rubuta sunanki a nan."

Na zauna a ƙasa. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma matsa mata ba, ba hakkina ba ne. Ta dai tura farantin tsakaninmu ta ce, "Ki tsince ta can gefen, idonki ya fi nawa ganin tsakuwa."

Mun tsince har aka kira magariba. Da ta zo zuba tuwo, kwano ɗaya ta ɗauko.